Daga tukubar toka zuwa rabin ganga: tarihin aikin farko na ɗan koyon walda a Kirkisoy

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bin tarihin wani ƙaramin abu da ake gani a bakin rumfunan walda na Kirkisoy, wato abin gashin nama da ake ƙerawa da rabin gangar ƙarfe, wanda sau da yawa shi ne aikin farko da ake sakar wa ɗan koyo ya yi shi kaɗai. Za mu nuna cewa abin nan ya samu ne daga haɗuwar canji uku: canjin wurin nama game da wuta, canjin hanyar samun ƙarfe, da canjin hanyar shiga sana'a. Daga ƙarshe za mu duba sawun da waɗannan canje-canje suka bari cikin harshe, da abin da wannan yake nufi ga aikin ƙirƙiro kalmomin fasaha.

1. Gabatarwa

Kirkisoy unguwa ce ta Harobanda, wato gefen dama na kogin Isa, cikin gunduma ta biyar ta birnin Yamai, ba nisa da jami'a. An fi saninta da fadamun shinkafa da kiwon shanun madara, da kuma ambaliyar da ta shafe ta tare da maƙwabtanta a 2012 da 2020. Amma wanda ya bi manyan hanyoyinta da ƙafa zai lura da wata sana'a da ta mamaye bakin titi: rumfunan walda, inda ake jingine ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe ana jiran mai saye. Tsakanin waɗannan manyan kaya akan ga rabin ganga a kwance bisa ƙafafu huɗu, da raga a bisanta. Wani lokaci ƙafa ɗaya ta ɗan gaza sauran, ɗinkin ƙarfen kuma ya yi ƙulu-ƙulu. Idan aka tambaya, amsar da aka fi samu ita ce: aikin yaro ne.

Abin da ya jawo hankalinmu tun farko tambaya ce ta harshe. Mun nemi sunan abin nan da Hausa, sai muka samu amsoshi daban-daban, babu wadda kowa ya yarda da ita. Kayan aikin da mutane ke amfani da shi kullum, amma sunansa bai zauna ba, alama ce ta cewa bai daɗe da shigowa ba. Wannan ya sa muka koma baya don mu ga abin da ya gada da kuma hanyar da ya biyo.

2. Nama a gefen wuta

Gashin nama tsohuwar sana'a ce ta mahauta a ƙasar Hausa, ƙarƙashin sarkin fawa, kuma kayan aikinta na asali ba su buƙatar ƙarfe in ban da wuƙa. Tukuba tudu ne na ƙasa da toka, kewayayye, ana hura wuta a tsakiyarsa. Mai tsire yakan yanka nama falle-falle, ya tsire shi a tsinke na itace, ya barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, sannan ya kafa tsinkayen cikin tokar, a kewaye da wutar, suna ɗan karkata wajenta. Zafin yana zuwa daga gefe. Kitsen da ya narke yana gangarawa cikin toka, ba ya faɗa wa garwashi, saboda haka harshen wuta ba ya tashi ya ƙona naman, hayaƙi kuma ba ya yawa. Idan gefe ɗaya ya gasu, sai a murɗa tsinken. A nan ya kamata mu lura cewa ita kanta wannan al'ada tana da tarihi: gyaɗa daga Kudancin Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ba sai bayan ƙarni na 15, don haka tsire mai ƙuli-ƙuli bai girmi zuwanta ba.

Wannan dabara ta ajiye nama a gefen wuta ba ta mutu ba. Duk wanda ya yi babbar salla a Yamai ya ga yadda ake feɗe ragunan layya, a buɗe su, a ɗaure kowane bisa sanduna biyu da aka gicciya, a jera su a kewaye da babbar wutar itace a ƙofar gida, tun hantsi har faɗuwar rana, sannan a yi rabon naman kashegari. In an duba da kyau, tukuba ce aka faɗaɗa ta kai girman titi. Abin lura shi ne, a ranar da aka fi kowace rana gashin nama cikin shekara, mutanen birni suna komawa ga itace da ƙasa.

Abin gashi na ƙarfe ya juya wannan tsari. Ya ɗora nama a bisa wuta, ya ɗaga wutar kanta daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, ya kuma sa ana iya ɗaukarta a kai wani wuri. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga mai sana'a a birni. Tukubar toka tana son wuri tabbatacce a kasuwa. Wanda ke gashi a bakin tasha, ko ƙofar gidan silima a da, ko kusurwar titin da hukuma ke iya tashinsa gobe, yana son abin da mutum biyu za su ɗaga. Bayan haka, raga tana karɓar abin da tsinke ba ya iya riƙewa da sauƙi: manyan yankan balangu, kaza da zabo a buɗe, kifin kogi. Mahauta Hausawa da suka bazu har biranen gaɓar teku, inda ake kiran kayansu suya a kudancin Najeriya da soya a Kamaru, sun daɗe da karɓar raga da teburin ƙarfe.

Ɗora nama bisa wani shinge a saman wuta ba ƙirƙirar Turawa ba ce. Kalmar barbecue da Faransanci ya aro daga Ingilishi ta fito ne daga barbacoa, wadda Sifaniyawa suka ji a bakin mutanen tsibiran Karibiyan a farkon ƙarni na 16, tana nufin ɗaurin itace da aka ɗaga daga ƙasa. Bayanin da ake yawan ji a bakin masu Faransanci, wai asalinta «de la barbe à la queue», daga gemu zuwa wutsiya, ƙagen asali ne kurum, irin wanda muke gargaɗin ɗalibai a kansa.

3. Ƙarfe: daga tama zuwa tsohon kaya

Dalilin da ya sa kakanninmu ba su yi tukubar ƙarfe ba a fili yake: ƙarfe ya yi tsada da yawa a ɓata shi wajen gashi. Kafin mulkin mallaka, sai an haƙo tama, an sare itacen ƙirya an yi gawayi, an gina rahoniya an yi ta hura wuta, kafin a samu dunƙulen da za a ƙera fartanya ko gatari ko mashi. Nicole Echard ta yi nazarin wannan aiki wurin maƙeran Adar, har ta ɗauke shi a fim mai suna Noces de feu cikin shekarun 1960, lokacin da ya riga ya kama hanyar ɓacewa. Ƙira kuwa gado ce. Ɗan maƙeri ke zama gindin zugazugi tun yana ƙarami, ya san uwar maƙera da masaba da awartaki kafin ya san noma, kuma akwai sarkin maƙera da ke tsaye tsakanin masu sana'ar da fada.

Abin da ya kashe narkar da tama shi ne zuwan tsohon ƙarfe mai araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, wato dab da iyakar Nijar. Tare da shi, da kuma motocin da suka biyo baya, aka samu langa-langa da ake ɗaure dilolin kaya, da garwar kananzir, da tsofaffin sassan mota. Philip Jaggar, cikin littafinsa na 1994 game da maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda suka rungumi wannan sabon kaya suka shiga ƙera abubuwan da iyayensu ba su sani ba. Maƙeri ya daina dogara ga mai haƙar tama, ya koma dogara ga dillalin tsohon ƙarfe. A Yamai kasuwar Katako ce ta zama cibiyar wannan ciniki, kuma har yanzu can ɗan koyo daga Kirkisoy yakan ƙetare gada ya je neman guntayen ƙarfe.

Cikin duk wannan tsohon kaya, ganga mai cin lita 200 tana da matsayi na musamman. An yi rajistar ƙirarta a Amurka a 1905, ta kuma bazu ko'ina cikin duniya lokacin yaƙin duniya na biyu, da yake da ita ake jigilar man jirage da motoci. A ƙasar da ba ta da teku kamar Nijar, man mota da baƙin mai da kwalta sun daɗe suna isowa cikinta, mayar da ita fanko kuma asara ce. Sai ta zama ma'ajiyar ruwa, ta zama ƙyauren ƙofa idan an baje ta, ta zama kwanon tuya da murhu. Bayan farin 1984, da hukuma da ƙungiyoyin agaji suka tashi rage cin itace a birane, murhun nan Mai Sauƙi da aka yaɗa a Yamai da irin wannan tsohon fallen ƙarfe aka riƙa ƙera shi. Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba: sanannen abin gashin nan mai murfi na kamfanin Weber ya samo asali ne a 1952, lokacin da George Stephen ya raba wani ƙwallon ƙarfe na alamar jiragen ruwa gida biyu, a masana'antar da yake aiki a Cikago.

4. Walda ta ƙetare kogi

Maƙeri na gargajiya yana iya haɗa ƙarfe biyu: ya gasa su har su kusa narkewa, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, ya daka. Amma wannan hanya ba ta dace da dogon firam mai kusurwa huɗu ba, don ba za a iya cusa shi cikin wutar maƙera ba. Walda ta kawo akasin haka, wato a kai wuta wurin ƙarfe. An fara gwada haɗa ƙarfe da tartsatsin lantarki cikin shekarun 1880 a hannun Benardos da Slavyanov na Rasha. A 1903 Fouché da Picard na Faransa suka fito da bututun da ke ƙona iskar asetilen, sannan Oscar Kjellberg na Suwidin ya ƙirƙiro sandar walda mai rufi a farkon ƙarni na 20. Wannan sanda ita ce har yau take hannun yaran Kirkisoy.

A Nijar sana'ar ta shigo ta garejojin gwamnatin mulkin mallaka da na soja da na kamfanonin sufuri, bayan da Yamai ta zama babban birni a 1926. Da yawa cikin ƙwararrun farko mutanen ƙasashen gaɓar teku ne. Amma kafin walda ta fito daga gareji ta zauna bakin titin unguwa, sai da abubuwa uku suka samu. Na farko, mutane: birnin da bai wuce kimanin mutum 30,000 ba a 1960 ya kusa 400,000 a ƙidayar 1988, ya haura miliyan ɗaya a ta 2012, kuma kowane sabon gida yana son ƙofa da taga na ƙarfe. Na biyu, lantarki: an kafa kamfanin NIGELEC a 1968, daga 1976 kuma Yamai ta fara samun wuta daga madatsar Kainji ta layin Birnin Kabi. Na uku, kuɗin uraniyom na ƙarshen shekarun 1970, wanda ya buɗe manyan wuraren gini inda matasa da yawa suka fara riƙe sanda. Da kasuwar uraniyom ta faɗi cikin shekarun 1980, aikin albashi ya ragu, waɗanda suka iya sana'ar suka buɗe rumfunan kansu. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan waje, abin da ya ƙara tura masu saye wajen ƙirar gida.

Game da Harobanda, mabuɗin komai shi ne gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Kafin ta, gefen dama ƙauyuka ne na makiyaya da manoma, sai da jirgin fito ake zuwa. Bayanta aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992; unguwanni suka cika, gada ta biyu ta zo a 2011. Ta wannan gefe ne hanyoyin Say da Torodi suke shigowa, wato hanyoyin da itacen geza da sabara da kuma dabbobi suke bi zuwa birni. Nama da makamashi da masu saye duk sun haɗu a wuri ɗaya, saura mai haɗa ƙarfen.

Dogaron sana'ar ga lantarki shi ne rauninta. Maƙerin gargajiya yana aiki muddin akwai gawayi da yaron zuga. Mai walda kuwa, in wuta ta ɗauke sai zama. An ga haka ƙarara daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da Najeriya ta yanke layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa.

5. Darasin farko

Babban bambanci tsakanin ƙira da walda ta fuskar zaman jama'a shi ne, walda ba gado ba ce. Uba ko kawu yakan kawo yaro, sau da yawa wanda ya bar makaranta, ya danƙa shi ga maigidan rumfa, ko Bazabarme ne ko Bafillace ko Bahaushe, ko da babu maƙeri ko ɗaya a zuriyarsu. Yaron yakan yi watanni yana share rumfa, yana riƙe ƙarfe, yana kankare tsatsa da shafa fenti kafin a bar shi ya taɓa sanda. Abin da za mu bayyana a nan mun gan shi a wata rumfa ta Kirkisoy, kuma bai bambanta ƙwarai da na sauran da muka leƙa ba.

Me ya sa abin gashi ne aikin farko? Maigidan ya ba mu dalili biyu: kayan ba su da tsada, kuma in ɗinki ya ɓalle babu wanda zai mutu, ba kamar ƙofa ko matakala ba. Muna iya ƙara na uku: aikin ya tattara duk darussan farko cikin abu guda.

Ana farawa da ganga, tsawonta kusan santimita 88, faɗin bakinta kusan 58. A wanke ta, a cika ta da ruwa, sannan a ja layi da alli a raba ta biyu a tsaye. Wasu da kurfi da guduma suke yankawa, wasu da injin gurza. Daga nan a hura wuta cikin rabin don fenti da sauran mai su ƙone, a huda ƴan ramuka a ƙasa ko a gefe don iska ta shiga. Garwashin da ba ya samun iska daga ƙasa yakan mutu da wuri.

Sai firam, wanda ake yi da ƙarfe mai kusurwa. A nan yaro ke koyon awo. Ana yanka biyu dogaye, biyu gajeru, a shimfiɗa su a ƙasa, a ɗiga walda kaɗan a kowace kusurwa, sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta hanyoyi biyu. In awon biyu ya zo daidai, firam ya miƙe. Ba a cika ɗinki sai an tabbatar da haka, saboda ƙarfe yana janyewa idan ya huce, kuma wanda ya cika kusurwa ɗaya tun farko zai tarar sauran sun karkace. Ƙafafu huɗu suna biyo baya, da sandunan da ke ɗaure su daga ƙasa. Ragar kuwa da siririn rodi ake yin ta, mai kaurin milimita 6 ko 8, a jera a bar tazarar da yanka nama ba zai faɗa ba. Ɗige-ɗigen nan masu yawa na raga su ne ainihin makarantar hannu.

Mafi wuya shi ne haɗa jikin ganga da firam. Kaurin ganga bai wuce kimanin milimita 1 ba, ƙarfe yana narkewa wajen digiri 1,500, zafin tartsatsin kuwa ya ninka haka. In yaro ya daɗe a wuri ɗaya ko da daƙiƙa guda, sai rami. Mun ji maigidan yana cewa: «Kai yaro, kada ka ja. Ɗiga ka ɗaga, bari ta huce.» Yaron ya amsa: «To, maigida», ya kuma huda wani ramin. Shi ya sa masu wayo ba sa liƙe gangar da firam gaba ɗaya, sai su ɗora ta kurum, don in ta cinye bayan damina biyu ko uku a sake wata, firam yana nan.

6. Sawun tarihi cikin kalmomi

Harshen rumfa gauraye ne: Zabarmanci da Hausa da Faransanci suna cuɗanya cikin jimla ɗaya. Idan muka ware kalmomin da mai magana da Hausa ke amfani da su, za mu ga rukuni uku.

(1) Na asali: wuta, garwashi, gawayi, toka, gasa, tsire, tsinke, balangu, tukuba, murhu, ƙarfe, tsatsa, narke, lanƙwasa.

(2) Aro daga Faransanci, da kusan yadda ake furta su: sudir (soudure), baget (baguette), tol (tôle), korniyar (cornière), giriyaj (grillage), kuran (courant), aparanti (apprenti).

(3) Aro daga Ingilishi ta hanyar Najeriya: walda, rodi, waya, fenti, injin.

Rabon nan ba na haɗari ba ne. Duk abin da ya shafi wuta da nama yana rukuni na (1); abin da ake saye a kanti ko ya fito daga gareji yana na (2); na (3) kuma ya biyo ƴan kasuwa da ƴan ci-rani ta Maraɗi da Ƙonni da Gaya. Kalmar walda tana da ban sha'awa: daga sunan mai aikin, welder, aka aro ta, amma a Hausa ta koma sunan aikin, sai aka sake gina mai walda a kanta.

Akwai kuma tsofaffin kalmomin ƙira da suka sami sabon aiki. Ɓawon da ke daskarewa bisa ɗinkin walda, wanda ake ɓamɓarewa da ƙaramar guduma, ɗan'uwan kashin maƙera ne, kuma babu dalilin neman wata kalma. Sinadari, wadda ta fito daga Larabci nushādir, da can sunan abin da masu ƙirar fari ke sawa ne don dalma ta kama. Yau ta bar maƙera ta zama kalmar kimiyya gaba ɗaya.

Saura sunan abin gashin kansa. Mun ji murhun gashi, ragar gashi, tukuba, da kuma barbecue ko grillage a bakin masu boko. Nahawu yana ba da wata hanya ta ɗafa-goshin ma-. Kamar yadda ƙera ta ba da maƙeri (mai aiki) da maƙera (wurin aiki), gasa za ta iya ba da magashi da magasa. Matsalar ita ce, magashi na kayan aiki da magashi na mutum karin sauti ne kaɗai ya raba su, na farko duk sama, na biyu sama-ƙasa-sama, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna kari. Haka ma maƙera, jam'in maƙeri, da maƙera, wurin ƙira. A ganinmu tukubar ƙarfe ta fi, domin masu gashi da kansu sun riga sun ɗauki kalmar tukuba daga tudun toka sun ɗora ta ga teburin sana'arsu. Kalmar ta bi aikin, ta bar siffar.

7. Abin da ya ɓace a hanya

Ƙirar gado tana da hane-hanenta da ake koya wa yaro tare da sana'ar, cikin harshen uwa. Walda ta zo da nata haɗurran, amma bayaninsu ya tsaya cikin littattafan Faransanci na makarantun fasaha irin na Maraɗi da Kalmaharo, inda mafi yawan ƴan koyon bakin titi ba su taɓa shiga ba. Za mu ambaci huɗu da suka shafi wannan aiki na farko kai tsaye.

Gangar da ta taɓa ɗaukar man fetur ba ta zama fanko don an zubar da man. Tururinsa yana nan ciki, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa ta. Wannan ne dalilin cika ta da ruwa kafin yanka. Gangar da ta ɗauki maganin fari ko na ƙwari ba ta dace da abinci ba ko an wanke ta, ko an ƙona ta. Ƙarfe mai farin rufi na tutiya, irin na bututun ruwa da wasu ragogin tsohon firji, yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan an yi masa walda, kuma bai kamata a ɗora nama a kansa ba. Na huɗu shi ne hasken tartsatsi, wanda ke ƙona fatar ƙwayar ido ba tare da an ji ba. Sai tsakar dare yaro ya farka kamar an zuba masa rairayi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare wannan haske, kuma yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe, wanda ba a ba shi garkuwar fuska, ya fi kowa shan sa. Ƴan rumfa sukan ce wuta ta shiga ido, suna ɗaukar abin a matsayin kuɗin shiga sana'a.

8. Kammalawa

Mun ga cewa rabin gangar nan da ke tsaye a bakin titin Kirkisoy ba ta yiwuwa sai da ƙarfe ya yi araha, lantarki ya ƙetare kogi, sana'ar ƙarfe kuma ta fita daga hannun zuriya ɗaya. Mun ga kuma cewa kalmomin rumfa sun adana wannan tarihi rukuni-rukuni.

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, aikin kalmomi ya fi karkata ga lissafi da nahawu da kimiyyar aji. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, wanda ke nufin za a nemi sassa irin namu su samar da kalmomin sana'o'i. Shawararmu ita ce a fara daga rumfa. Inda masu aiki suka riga suka zauna bisa kalma, ko ta aro ce kamar baget, a rubuta ta yadda suke faɗa. Inda tsohuwar ƙira ta bar kalma, a maido ta. Ƙirƙira kuma a ajiye ta ga gurbin da babu komai, wanda kamar yadda muka nuna a sashe na 7, ya fi yawa wajen bayanin haɗari.

Ga ɗaliban da ke neman batun kundi, aiki biyu suna jira. Na farko, tattara kalmomin walda a Kirkisoy da Katako, a kwatanta su da na Maraɗi da Damagaram, inda tasirin Najeriya ya fi ƙarfi. Na biyu, ɗaukar maganar tsofaffin masu walda da suka koyi aikin cikin shekarun 1960 da 1970, tun suna da rai, domin su ne za su iya faɗa mana wanda ya koya musu, da harshen da aka koya musu da shi.